Yadda Ake Gyara Ofis da Sayayyarsa Don Masu Buƙata ta Musamman

Na daɗe ina riƙe da sito da sayen kayan ofis, daga baya aka haɗa mini da kula da gini. Abin da aikin ya nuna mini shi ne yawancin wahalar da gurgu ko makaho ko kurma yake sha a wurin aiki, da kuɗin ofis aka sayo ta. Mu muka sa hannu a takardar tayil mai santsi, mu muka karɓi ƙofar banɗaki mai faɗin ƙafa 2, mu muka biya kuɗin injin da sai mai ido yake iya sarrafawa. Ba mugunta ba ce, ba a tambayi kowa ba ne kafin a biya. Shi ya sa rabin wannan bayani a kan gini yake, rabi a kan takardar oda.

Idan oga ya tambaye ka dalili, akwai doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ni dai ban cika farawa da maganar tara ba. Nakan tuna wa mutane cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin garin a hannunsa idan zai yi tafiya.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin awo mai inci da santimita, wanda ya kai mita 5. Magina da kafintocinmu da inci da ƙafa suke aiki, don haka da su zan fi ba da awo. Sai igiyar gini, alli ko gawayi, littafi da biro, da waya mai ɗaukar hoto. Ka aro keken guragu na turawa na yini guda daga asibiti ko wurin wani ɗan'uwa. In bai samu ba, kafinta ya yanko maka sanda mai tsawon inci 32 da wata mai ƙafa 5: ta farko ita ce faɗin da keke ke buƙata ya wuce, ta biyu faɗin da yake buƙata ya juya. Ka kuma fito da jerin abin da ofis zai saya a bana, da lafto guda da ilafon na kunne don gwaji.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne mutanen da abin ya shafa. In babu su a cikin ma'aikata, ka nemi reshen JONAPWD na jiharku, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, ko ƙungiyar makafi ko ta kurame ko ta guragu ta garinku. Ka sa kuɗin motarsu da na lokacinsu a kasafi, aiki suka zo yi maka.

1. Fara da zama da masu abin

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, ba a gaban taro ba. Kada ka tambaye shi abin da ya same shi, kada ka nemi tarihin ciwonsa. Tambayar da nake yi ita ce: "Malam, daga shigowarka get zuwa tashinmu, a ina ne sai ka jira wani ya taimaka maka?" Ga mace, musamman idan za a taɓo maganar banɗaki, nakan roƙi wata abokiyar aiki da ta yarda da ita ta yi zaman.

Za ka ji abin da ba ka zata ba. Zabiya zai ce hasken taga ne ke kashe masa ido. Mai sikila za ta ce sanyin iyakwandishan ne ke tayar mata da ciwo. Kurma zai ce shi ne na ƙarshe da ke sanin an ɗage taro. Wani kuma bai taɓa gaya wa kowa yana da larura ba, saboda tsoron kada a ce ba zai iya aikin ba, don haka abin da aka faɗa maka ya tsaya a littafinka. Sunan da mutum yake so a kira larurarsa da shi, shi za ka riƙe. Wasu ba su damu da a ce makaho ko gurgu ba, wasu sun fi son mai buƙata ta musamman.

2. Bi hanyar da ƙafarka, da tef a hannu

Daga bakin titi za ka fara, ba daga ƙofar ofis ba. Sau da yawa matsala ta farko kwata ce da aka ɗora wa silab ɗin da ya karye, ko ƙaramar ƙofar get mai ƙarfe a ƙasa. Ka bi har teburin aiki, sannan banɗaki, ɗakin taro, ofishin akanta, masallaci, wurin cin abinci. Duk inda ka tarar da matakala, ka auna tsayinta. Duk ƙofa, ka buɗe ta ka gitta sandar inci 32 a tsakani. Ka ɗauki hoto, ka rubuta awon.

Akwai abin da littattafan waje ba sa faɗa. A nan arewa da yawa daga cikin waɗanda shan inna ya taɓa ba keken asibiti suke hawa ba, mai taya uku ne da ake tuƙawa da hannu, kuma ya fi wancan tsawo nesa ba kusa ba. Wasu sukan ajiye shi a waje su shiga da rarrafe. To ka tanadi inuwar ajiye keken kusa da ƙofa, kuma ka kalli daɓen da idon wanda zai dafa shi da tafin hannu: akwai ruwa kwance? Rana na gasa shi?

Da ka gama, ka raba abin da ka gani uku: wanda ba ya cin ko sisi, wanda kuɗin kashewa na wata zai ɗauka, da wanda sai an sa a kasafi. Kashi na farko a yi shi a makon nan. Kwashe kwalaye daga baranda, naɗe wayoyin da ke kwance a ƙasa, gaya wa Baba maigadi kada babura su tare ƙofa, da sauko da ofishin wanda ba ya iya hawa bene zuwa ƙasa. Ko da ginin yana da lif, kada ka dogara da shi a inda wuta ke ɗaukewa sau biyar a yini.

3. Gangaren keke

A nan aka fi yin asara, don haka zan daɗe. Ƙa'idar guda ce: duk inci 1 na tsayi yana buƙatar ƙafa 1 ta tsawo. Matakala 3 masu inci 6 kowace sun haɗa inci 18, ke nan gangaren zai kai ƙafa 18, kusan mita 5 da rabi. Idan birkila ya ce bai gane ba, a jera masa bulo 12 a tsawo, tunda kowane bulo inci 18 ne. Zai ce ya yi yawa, zai ce "Oga, a rage, siminti zai ci." Kada ka rage. Na taɓa yarda aka yi na ƙafa 7 a inda ya kamata a yi na 18, saboda filin ajiye mota. Da aka gama, ma'aikacin da aka yi dominsa ya kasa hawa shi kaɗai, wurin sauka kuma keken ya nemi kifewa da shi. Sai da aka fasa aka sake, aka biya sau biyu, kuma na ba shi haƙuri.

Ka ja igiya daga saman matakala zuwa inda gangaren zai ƙare, ka zana da alli, mai keke ya zo ya gani kafin a kwaɓa siminti. Faɗi kada ya gaza ƙafa 4, in masu keke mai taya uku za su bi a kai shi 5. A sama da ƙasa a bar fili shimfiɗaɗɗe ƙafa 5 a kan 5, don mutum ya iya tsayawa ya buɗe ƙofa ba tare da ya koma da baya ba. Idan tsawon ya wuce ƙafa 30, a sa wurin hutawa irin wannan a tsakiya. Gefe da gefe a ɗaga baki na inci 4 don taya kada ta zame, mai walda kuma ya kafa ƙarfen riƙewa a ɓangarorin biyu, tsayin ƙafa 3. A shafa masa fenti mai haske, baƙin ƙarfe ba ya taɓuwa a ranar Afrilu.

Kada a sa tayil a kan gangare ko da an ce don ya dace da baranda. A ja tsintsiya a gicciye a kan simintin tun yana ɗanye, shi ne ke riƙe taya da ƙasan sanda lokacin damina. Matakalar ma kada a rushe ta, wasu masu sanda sun fi samun sauƙinta fiye da gangare. A ja farin ko rawayan fenti a bakin kowace taka saboda masu raunin gani.

Idan fili bai isa ba, a kwantar da gangaren a jikin bango ya yi kwana. Idan gidan haya ne mai gida ya hana gini, mai walda ya ƙera na ƙarfe mai ƙurzunu da za a ɗaure da noti, a ɗauke ranar tashi. Awon bai canja ba.

4. Ƙofofi da makunnai

Ƙofa mai ƙafa 3 ita ce ke ba da inci 32 idan an buɗe. Dokin ƙofa kada ya wuce rabin inci, in ya wuce a fasa ko a yi masa ɗan gangare. A cire mariƙi mai zagaye da sai an murɗa, a sa mai hannu da ake dannawa. Gwajin mai sauƙi ne: dunƙule hannunka, in ka iya buɗewa a haka ya yi. Ƙofar gilashi a liƙa mata layi mai launi daidai ido. Makunnin wuta, ƙararrawa da soket su kasance tsakanin inci 15 da inci 48 daga ƙasa.

5. Banɗaki da wurin alwala

Na san ma'aikaciyar da take ƙin shan ruwa tun safe har tashi saboda kekenta ba ya shiga banɗakin ofis. Ba ta taɓa kai ƙara ba. Tun daga nan ban yarda a ce an gyara ofis ba sai na ga banɗakin.

Ɗaya ya isa a fara da shi, a ƙasa. Ƙofar ta buɗe waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare wadda ke buɗewa ciki. Ka kwantar da sandar ƙafa 5 a tsakiya ka juya ta, kada ta taɓa komai. Masai ya zama na zama, tsayinsa inci 17 zuwa 19, da fili a gefe guda inda keke zai tsaya. Ƙarfen dafawa a bango a tsayin inci 33 zuwa 36. Gargaɗi a nan: ƙarfen rataya tawul ba ƙarfen dafawa ba ne, kuma kusa a cikin bulo mai rami ba ta ɗaukar nauyin mutum. A fasa wurin a cika da kankare, a ɗaure da noti, sannan ƙato ɗaya ya rataya a jiki a gani.

Ɗaukar buta cike da ruwa a kan keke ko da sanduna biyu a hannu abu ne mai wuya. A ja famfo ko ɗan tiyo zuwa gefen masai inda hannu zai kai daga zaune. Daɓe ya zama mai kaushi, ruwa kuma ya riƙa gangarawa rariya. In na tsugunno kaɗai gare ku kuma babu kuɗin canjawa, shagunan kayan asibiti na sayar da kujera mai rami da ake ɗorawa a kai, mai walda ma yana iya ƙerawa. Kuskure biyu da na fi gani bayan an gama: a mayar da wurin ma'ajiyar bokiti da tsintsiya, ko a kulle a ajiye makulli a ofishin oga a sama.

A wurin alwala a sa dakali ko benci da famfo mai hannu. A ƙofar masallaci a yi kantar takalma a gefe, tarin takalma a bakin ƙofa tarko ne ga makaho. A ajiye kujerun roba biyu a ƙarshen sahu.

6. Rubuta sharaɗi a takardar oda

Ɗan kwangila abin da aka rubuta yake kawowa. In ka rubuta "teburin ofis guda 10", to abin da ya fi masa riba zai sauke maka. Don haka buƙatar da ka ji a mataki na 1 sai ta zama awo a takarda kafin a nemi farashi, domin duk masu neman aikin su yi lissafi a kan abu guda.

Tebur: ƙarƙashinsa ya bar inci 27 na tsayi da inci 30 na faɗi saboda gwiwa, samansa tsakanin inci 28 da 34, babu durowa a tsakiya. Manyan teburan da ake so saboda ƙyalli su suka fi faɗuwa wannan gwaji. In an riga an saya, kafinta ya cire durowar tsakiya ko ya sa katako a ƙarƙashin ƙafafun. Kujera: mai hawa da sauka, wasu masu hannu don dafawa a miƙe, aƙalla ɗaya mara taya ga mai sanda. Kantar karɓar baƙi: wani ɓangare ya sauko zuwa ƙafa 3.

Injin firinta da na fotokwafi: ka nemi mai maɓallan da ake ji da yatsa, ko wanda ake iya aika masa aiki daga kwamfuta. Fuskar gilashi zalla babu abin da makaho zai lalubo a kanta. Kada a ɗora shi a kan dogon kabad. Na'urar sa hannun zuwa aiki ta dangwala yatsa kuwa, ka tuna akwai wanda kuturta ko haɗari ya raba da yatsu, don haka ka rubuta cewa dole ta karɓi kati ko lamba, a kuma kafa ta ƙasa da inci 48.

Kwamfuta ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. NVDA manhaja ce da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka ƙirƙiro ta, an fara aikin a 2006. JAWS ita ce ta kuɗi. Kada ka zaɓa wa mutum, wadda hannunsa ya saba da ita za ka ba shi. Windows ma tana da nata: Ctrl da Windows da Enter na kunna Narrator mai karanta allo, Windows da alamar tarawa na ƙara girman rubutu, danna Shift sau 5 kuma na taimakon mai aiki da hannu ɗaya. Wayoyin Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, su ma karanta allo suke yi. Abin da za ka saya sau da yawa bai wuce ilafon mai kyau da babban allo ga mai raunin gani ba.

Inda ake faɗawa rami shi ne manhajar albashi, ta neman hutu, ko shafin intanet na ofis, domin da an saya kowa ya ɗaure da ita shekaru. Ga abin da nake sakawa a yarjejeniya: "Dole a iya yin kowane aiki da madannai kaɗai ba tare da linzamin kwamfuta ba. Dole NVDA ta karanta kowane maɓalli da kowane gurbin cikewa. Shafin ya cika ƙa'idar WCAG a matakin AA. Ma'aikacinmu zai gwada kafin biya, abin da ya gaza mai kawowa zai gyara da kuɗinsa." WCAG ƙa'ida ce ta duniya kan yadda za a tsara shafin intanet don masu buƙata ta musamman su iya amfani da shi, AA kuma matakinta ne na tsakiya. In mai tallan ya ce bai taɓa jin waɗannan ba, ka ba shi lokaci ya bincika, amma kada ka goge layin.

Idan kwamitin sayayya ya ce wani ya fi araha, ka nuna musu cewa kayan da bai cika sharaɗi ba bai shiga gasar farashi ba tun farko. Araha ba ta ado, ballantana wadda za a sake saye.

7. Gwada kafin ka sa hannu

Ranar da kaya suka iso, kada ka karɓa kai kaɗai. Mai keke ya shiga ƙarƙashin teburin da kekensa. Makaho ya zauna ya nemi hutu a manhajar daga farko har ƙarshe ba wanda ya taɓa masa. In babu shi a ranar, ka zare linzamin, ka bi shafin da maɓallin Tab, ka kunna NVDA ka kashe allo. Inda ka maƙale, nan zai maƙale. Ka rubuta abin da ya gaza a takardar karɓar kaya, ka riƙe wani kaso na kuɗin har a gyara. Ka kuma tambayi garanti da inda ake gyara a garinku, musamman kayan rubutun makafi, waɗanda masu gyaransu ba su da yawa.

8. Takardu, sanarwa da taro

Wannan ba ya cin kuɗi, amma shi ya fi wuyar ɗorewa. Ofisoshinmu yanzu a WhatsApp suke sanarwa. Sakatare ya ɗauki hoton takarda ya tura, makaho bai ji komai ba, domin manhajarsa rubutu take karantawa ba hoto ba. Oga ya turo saƙon murya, kurma bai san an yi ba. Ka kafa doka guda: kowace sanarwa a buga ta da rubutu, ko da an haɗa da hoto ko murya. Haka takardar da aka yi wa sikanin, hoto ce. A tura ainihin fayil ɗin Word. Ga mai raunin gani a buga da girman 16 ko 18, baƙi a kan fari.

A taro, a tura takardu kwana ɗaya kafin zama, duk mai magana ya fara da faɗin sunansa, abin da aka haska a bango a karanta shi da baki. Kafin ka ɗauko tafinta ka tambayi kurman wace maganar hannu yake yi: akwai ta Hausa da aka tashi da ita a unguwa, akwai ta makaranta wadda ta samo asali daga ta Amurka, kuma ba ɗaya ba ne. Haske ya faɗa a fuskar tafinta, kada a tsayar da shi a gaban taga. Zaman da zai wuce awa guda yana son tafinta biyu su riƙa karɓar juna. Kuma kurman za ka kalla idan kana magana, ba tafintan ba. Mai na'urar ji a zaunar da shi nesa da ɓangaren janareta.

9. Ranar gobara

Ƙararrawa ba ta amfanar kurma, a sayi mai walƙiyar fitila, a sa ɗaya har a banɗaki. Lif ba a shiga idan wuta ta tashi. Kowane ma'aikaci da zai buƙaci hannu wurin fita a haɗa shi da mutum biyu da ya zaɓa da kansa, don in ɗaya ba ya nan. Shi zai nuna musu yadda ake riƙe shi. Makaho ba a jan sandarsa ko rigarsa, shi ne ke kama gwiwar hannunka, ka riƙa faɗa masa "matakala a gaba, sauka." Keke ba a ɗaga shi ta abin dafa hannu ko wurin ɗora ƙafa, suna iya zarewa. A gwada fitar sau biyu a shekara, ƙofar baya kuma kada a sa mata kwaɗo lokacin aiki.

Bayan kowace damina ka sake ɗaukar tef da littafin nan ka bi hanyar tun daga bakin titi. Ka duba inda ruwa ya ci ƙasan gangare, ka girgiza ƙarafunan banɗaki, ka ga ko kwalaye sun dawo baranda. Idan an canja kujeru ko an kawo sabon kabad, a gaya wa makahon ofis tun da safe, a zaga da shi ya taɓa kafin ya zauna.